Tumbin Katanga

Tun ba su gama sauke kaya ba ya zaro igiyar saitinsa daga aljihu. Farar igiya ce da ta koma ruwan ƙasa don tsufa, da ɗan dunƙulen ƙarfe mai tsini a bakinta, irin wadda magina ke sakewa daga sama su ga ko bango ya miƙe. Saboda ita duk unguwarsu ake ce masa Mai Igiya. Ko kalanda zai rataya a ɗaki sai ya sake ta.

"Baban yara, tanti ne fa," in ji matarsa, tana zaune a kan jakar kayansu tana murza gwiwarta mai ciwo. "Kwana uku za mu yi a cikinsa mu naɗe mu mayar wa masu shi. Ba kwangilar bene aka ba ka ba."

"Bari dai in duba," ya ce.

Sau uku yana tuge turakun yana sake kafawa, har sandar tsakiya ta tsaya daidai da igiyar. Maƙwabtansu na tantin gefe, wasu mata da miji masu furfura, tuni sun ɗora ruwan shayi suna kallonsa suna murmushi. Shi kuwa ba tantin ne a ransa ba. So yake hannunsa ya samu abin yi, don kada ya ɗaga kai ya kalli ƙetaren kogi, inda tsohon birnin ke shimfiɗe da hasumiyoyinsa da doguwar katangar dutsen da ta kewaye shi.

Babbar 'yarsu, wadda take aikin jinya, ita ta shirya wannan tafiya. Ita ta kama musu wuri a filin kafa tanti da ke bakin kogi, ta aro tantin, ta haɗo musu da ƙaramin risho da barguna. Ta ce, "Baba, shekara talatin Mama tana jin labarin katangar nan. Ka kai ta ta gani da idonta." Ya ce aiki ya yi masa yawa. Ya ce bayansa na ciwo. Ya ce yana jin za a yi ruwa. Babu wanda ya saurare shi.

Labarin da Maman yara ta sani shi ne wanda kowa ya sani: yana ɗan shekara ashirin da biyu aka ɗebi magina don gyaran tsohuwar katangar babban birni, ya tafi, ya yi wata takwas yana jera duwatsu kusa da babbar ƙofa. Da wannan labari ya dawo gida, da shi ya yi zance a ƙofar gidan iyayenta, da shi ya rene 'ya'yansa.

Ya je ɗin, gaskiya ne. Ya yi wata takwas ɗin, shi ma gaskiya ne. Amma kwana tara kawai ya yi a kan katangar. A lokacin ji yake idonsa ya fi kowace igiya. Babban maginin da ke kula da su ya miƙa masa igiyar saiti, ya sa ta a aljihu, ya yi ta jera dutse da ido don ya riga kowa gamawa. A rana ta tara babban maginin ya zo ya saki tasa igiyar daga sama, sai ga bangon ya turo ciki waje kamar wanda ya ƙoshi. A gaban kowa ya ce masa ya ɗauki cokalin gininsa ya bar wurin. Kunya ta hana shi komawa gida. Sauran watannin a kasuwar kayan miya da ke bayan tasha ya yi su, yana dako. Igiyar da ke hannunsa yau ita ce wadda aka ba shi a wancan lokaci, ya manta bai mayar ba.

Abin da yake kwantar masa da hankali ɗaya ne: ya tabbata tun a ranar aka rushe wancan ɓarnar. Zai nuna mata kowane wuri mai kyau ya ce nan ne, su ɗauki hoto, su koma gida.

Washegari da hantsi suka shiga bas zuwa cikin birni. Maman yara ta ɗaura sabon zanenta, ta rataya wayarta a wuya da igiya kamar yadda 'yarta ta koya mata. Komai ta gani sai ta taɓa shi da gwiwar hannu.

"Dubi wancan gidan! Wai mutane ne suka ɗora waɗannan duwatsun? Kai, mutanen da sun sha wuya."

Da suka sauka ta ce gidan tarihi take so su fara zuwa. Ya ce ta biyo shi, ya san hanya. Suka bi wani lungu, suka karya kwana, suka ɓulla kasuwar kayan miya. Ya ce an canja tituna. Suka koma, suka bi wani lungun, suka sake ɓulla kasuwar ta ɗaya gefen, wajen da ake sauke buhunan albasa. Rumfar da 'yan dako ke hutawa tana nan inda ya bar ta, har da famfon da suke wanke fuska. Ƙafafunsa ne suka kawo shi, ba shi ba.

"Ikon Allah," ta ce tana haki. "Kai duk hanyar da ka sani a garin nan albasa take kaiwa. Katanga ka zo ginawa ko miya ka zo yi?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ƙarshe sai da ita ta tambayi wata mai sayar da lemo, aka nuna musu hanya.

A gidan tarihi sun ga tukwane da takubba da wata ƙatuwar ƙofar katako mai ƙusoshi kamar dunƙulen hannu. Sun hau rabin matakalar hasumiya, gwiwarta ta ƙi, suka zauna a kan dakali suna kallon rufin gidaje da tattabaru. Ta ci burodi da ƙwan da ta dafo, shi ya ce ba ya jin yunwa. Sai bayan azahar suka iso babbar ƙofa.

"To," ta ce, ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Ga mu ga katanga. Ina naka?"

Ya duba dama. Akwai wani sashe mai kyau, duwatsun a jere kamar haƙoran yaro, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Ko wane ne ya yi wannan aiki, ya san hannunsa. Ya ɗaga yatsa ya nuna.

"Daga nan zuwa can."

Ta matsa ta shafa dutsen da tafin hannu, a hankali, kamar tana shafa kan jariri. Da ta juyo idonta ya kawo ruwa.

"Ashe haka ne," ta ce. "Wallahi wani lokacin in kana ba da labarin nan, a raina nakan ce Baban yara ya ƙara gishiri. Ka yafe ni." Sai ta hau dube-dube a ƙasa. "Ina alamarka?"

A aikin katangar, kowane magini yakan sassaƙa alamarsa a dutsen ƙasa na sashensa, don babban magini ya san aikin wane ne. Tasa zane uku ne a tsaye, na huɗu ya gitta su. Har yau ita yake sakawa a duk gidan da ya gina. Tana nan a dokin ƙofar gidansu, Maman yara tana share ta kowace safiya.

"Ta goge," ya ce. "Shekaru da yawa. Ruwa da rana."

"Tsaya nan. A'a, matsa. Ɗora hannunka. Saki fuska mana, sai ka ce wanda aka kawo gaban alƙali."

Ta ɗauke shi hoto, ta ƙara ɗauka, nan take ta tura wa yara duka.

Da a nan suka juya da shi ke nan. Amma wani jagora ya taho da ayarin baƙi, dattijo mai jar hula da ƙaramar tuta a hannu, yana magana da ƙarfi yana sa su dariya. Maman yara ba ta ganin taro ta wuce. Ta ja hannun rigar mijinta suka bi bayansu, suka zaga ta hagun ƙofar.

"Yanzu kuma," in ji jagoran, "ga abin da kowa ke tambayata. Ga Tumbin Katanga!"

Mai Igiya ya ɗaga kai.

Yana nan. Ba a rushe ba. Tsawon taku shida na bango, ya turo ciki waje, duwatsun sun yi sulɓi suna sheƙi a daidai tsakiya saboda yawan shafawar hannaye. Ya gane kowane dutse. Ya gane wani mai jan tabo da ya sha wuyar ɗagawa a rana ta bakwai.

"Shekara talatin da wani abu da suka wuce aka yi gyara a nan," jagoran ya ci gaba. "Aka samu wani saurayi, gwani a bakinsa. Aka ba shi igiya, ya ce shi idonsa ya ishe shi. To ga abin da idon ya haifa!" Aka kwashe da dariya. "An so a rushe, sai lokacin buɗe ƙofa ya matso, aka ce a bari sai daga baya. Daga bayan ce har yau ba ta zo ba. Yanzu malaman gini har ɗalibai suke kawowa nan, su ce musu, ku kalla da kyau, kada ku zama wannan. Duk mai so ya durƙusa, ga alamar gwanin can a dutsen ƙasa, da hannunsa ya sa."

Bai san lokacin da ya matsa ba. Ya dai ga kansa tsaye a jikin bangon, dugadugansa sun rufe dutsen ƙasan. Wata yarinya mai kyamara ta ce, "Baba, ɗan gusa mana." Ya yi kamar bai ji ba, ya zaro hankici yana goge wuya. Ta gaji ta wuce.

Maman yara kuwa dariya take har da riƙe ciki.

"Wayyo Allah! Baban yara, ka san shi? Ai tare kuka yi aiki. Wane ne wannan sakaran?"

"Mutane ne da yawa," ya ce.

"Da kai aka ba wa nan ai da ba a yi wannan abin kunya ba. Allah sarki, ko yana ina yanzu? Ina ma laifin ya canja sana'a." Ta shafa tumbin ita ma, ta ce a ɗauke ta hoto. Shi ya ɗauka. Hoton ya fito a karkace.

Sun koma filin tanti rana tana shirin faɗuwa. Ta kunna risho, ta ɗora ruwa, tana ta ba maƙwabtan nan masu furfura labari: mijinta ne ya gina dama da ƙofa, su je su gani, sannan su leƙa hagu su sha dariya. Tsohon ya taso takanas ya miƙa wa Mai Igiya hannu. Ya ce shi ya sani, tun jiya da ya ga yadda aka kafa tantin nan ya ce wa matarsa wannan ba ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙa masa.

"Ɗanka ne."

Ɗansu na biyu shi ya gaji sana'ar. Magidanci ne yanzu, da mata da 'ya ɗaya, bana ya fara karɓar aikin kansa. Mako biyu da suka wuce Mai Igiya ya biya ta wurin aikin, ba wanda ya kira shi. Ya saki igiyarsa a jikin sabon bango, ya ga ya kauce da faɗin yatsa ɗaya. A gaban leburori, a gaban mai gidan, ya sa ƙafa ya ture jeri huɗu na ɗanyen bulo. Ya ce, "Ni a shekarunka katangar babban birni na riga na gina." Tun ranar ɗan bai zo gaishe su ba. Kullum da safe Mai Igiya sai ya leƙa ƙofa in ya ji ƙarar babur, ko ɗan ne, ya koma ya zauna.

Saƙon gajere ne. "Baba, na ga hoton. Yanzu na gane. Ni ba zan taɓa kai wannan ba. Ina ganin gara in nemi wani aikin, kada in riƙa ɓata maka suna. Ka yi haƙuri."

Ya karanta sau biyu. Ya miƙa mata wayar, ya tashi ya tafi wajen famfo, ya buɗe ruwa ya tsaya yana kallonsa yana zuba. Faɗin yatsa ɗaya. Nasa tumbin, in aka auna, ya fi tsawon tafin hannu.

Da ya dawo shayin ya huce. Ta ce, "Ka kira shi mana." Ya ce sai gobe.

Da gari ya waye ita ta fara tashi, tana lissafa inda za su: gadar dutse, lambun tsohuwar fada, kasuwar masu saƙa. Ya zauna a bakin tanti da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Maman yara, katanga za mu koma."

"Mun gani ai."

"Ba ki gani ba."

Ta kalle shi. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ta san muryar da ake yi wa gardama da wadda ba a yi wa. Ta ɗauki mayafinta.

Suka sake shiga bas. Da suka isa babu baƙi tukuna, sai wani mai shara can nesa da tattabaru. Ta nufi dama, ya ce a'a, nan. Ya kai ta gaban tumbin ya tsaya.

"Durƙusa ki duba dutsen ƙasa."

"Da wannan gwiwar? Baban yara, lafiyarka?"

"Riƙe hannuna."

Ta riƙe, ta sauka a hankali tana cije leɓe. Ƙura ta rufe dutsen. Ta sa gefen mayafinta ta share, yadda take share dokin ƙofarsu. Zane uku a tsaye. Na huɗu ya gitta su.

Ba ta ɗago ba. Ta sa yatsa ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya.

Ya faɗa mata duka, yana kallon bayan kanta. Igiyar da ya sa a aljihu. Rana ta tara. Buhunan albasa. Rumfar 'yan dako. Cokalin ginin da ya saya a tasha ranar da zai dawo, a madadin nasa da ya sayar, don a ga kamar daga aiki yake. Bai ɗauki lokaci ba. Ya yi mamakin yadda abin da ya ɗauka shekara talatin ya ƙare a 'yan kalmomi.

"Ɗaga ni," ta ce.

Ya ɗaga ta. Ta kakkaɓe zanenta, ta kalli tumbin, ta kalli mijinta.

"Jiya na tsaya a can na ba ka haƙuri. Har da hawayena."

"Haka ne."

"Na ce maka sakarai a nan wurin, kana tsaye."

"Ba ki yi ƙarya ba."

"Kada ka taya ni, ban gama ba." Ta nuna shi da yatsa. "Kana tsammani don katanga na aure ka? Ni me na sani game da katanga? Da ka dawo ka ce dako ka yi, da na ce sannu. Amma wannan duk tsakanina da kai ne, za mu yi maganarsa a gida, kuma za ka ji ta da kyau. Yaron nan fa? Faɗin yatsa ɗaya, Baban yara. Ka ture masa bango a gaban mutanensa. Kai da ka bar wannan a tsakiyar birni, har ana kawo 'yan makaranta kallo."

Ya sunkuyar da kai. Mai sharan ya matso kusa, ya gaishe su, ya wuce.

"Tsoro nake ji," ya ce a hankali. "Duk sanda na ga ya ajiye igiya, ni nake gani."

"To sai ka faɗa masa haka. Ba ka ce kai ne gwanin duniya ba."

Ta ciro wayar daga wuyanta.

"Tsaya nan. A'a, ba gefe ba, tsakiya. Ɗora hannunka a kan cikin. Fito da igiyar taka, sake ta a jikinsa, a ga yadda ya kauce."

Ya zaro igiyar, ya miƙa hannu sama iyakar tsawonsa, ya sake ta. Ƙarfen bai sauka ba, igiyar ta kwanta a kan tumbin ta lanƙwashe. Ta ɗauki hoton. Ta matso ta ɗauki alamar ita ma. Sannan ta miƙa masa wayar.

"Ni ba zan tura ba. Na jiya ni na tura, na yau naka ne."

Yatsunsa masu kaushi suka yi ta kuskuren wurin dannawa. Ta tsaya tana kallo, ba ta taimaka masa ba. Da hotunan biyu suka tafi, ya nemo lambar ɗan ya kira. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Har ya fara fatan kada a ɗauka.

"Mama?"

"Ni ne," ya ce. A can yana jin ƙarar shebur a cikin yashi. Ashe dai ɗan ya je wurin aikin.

"Baba. Ina kwana."

"Lafiya lau. Kana wurin aiki?"

"E, na zo in ƙarasa musu wannan ne kawai."

"To ajiye cokalin, ka samu wuri ka zauna. Na turo maka hoto. Ka buɗe ka duba da kyau, sannan in gaya maka wanda ya gina shi."

Maman yara ta juya ta tafi ta zauna a kan dakalin da ke gefen ƙofa, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta ba shi baya don ya samu ya yi magana.